Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a Ƙofar Gamji

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya Asabar ƙungiyarmu ta masu zanen tsirrai ta kafu, a inuwar lambun Ƙofar Gamji da ke bakin Kogin Kaduna, dab da tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Ƙafa ba za ta kai ni gida-gida ba, shi ya sa na rubuto.

Godiyar farko ta Baba mai kula da lambu ce. Baba, ka ba mu wuri, ka kuma gyara mana aiki. Da ɗaya daga cikin ɗalibanmu ta nuna maka zanen ɗorawa, kallo ɗaya ka yi ka ce ƙananan ganyen sun yi faɗi, ka tsinko reshe ka aza mata a kan takarda. Ta goge ta sake. Aikin namu ke nan: a ƙirga ganye, a auna da rula, a tsaga ɗan itace a ga yadda ƙwaya ta kwanta. Masu cewa ai hoton waya ya wadatar su duba ɗorawar nan. Jan furenta mai kama da ƙwallo da rani yake fitowa, 'ya'yan sai daga baya, kalwar da ake daddawa da ita kuma tana ɓoye cikin gari. Hoto ɗaya ba ya haɗa su, amma mai zane yana jera su a shafi guda.

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Iyaye da dama sun yi ɗari-ɗari da maganar zane, sai da ka kawo musu fatawar Ibn Abbas cewa mai zane ya zana itace da abin da ba shi da rai. A nan hankalinsu ya kwanta suka bar mana 'ya'yansu.

Hajiya mai maganin gargajiya, ke kika sa muka yi dokar rubuta sunan Hausa a ƙarƙashin kowane zane kafin na Latin. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu a littafi, yau kuwa yaron Tudun Wada ba ya bambance marke da maɗaci. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ɗaliban da suka taso daga Zariya da fensir da launin ruwa, da ƙanwata da ta dafa mana zoɓo, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Zamanmu na gaba bishiyar kuka za mu zana. Da magariba farin furenta yake buɗewa, jemagu su zo masa da dare, kafin wani yammacin ya yi yaushi. Don haka idan ta fara fure za mu sanar, kowa ya zo da tocila da tabarma.