Godiya ga duk wanda ya sa hannu a motar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, motar marigayi mahaifinmu ta tashi. Ranar Asabar ɗin nan ita ta ɗauko amarya, 'yar yayana, daga Unguwar Sarki zuwa ɗakinta a Tudun Wada, da ƙafarta, ba turi ba ja. Da yawanku kun gani, kun ɗau hoto, kun yi mana barka, mun gode. Sai dai mutanen da suka sha wahalar aikin ba su fito a hoton ba, saboda su na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai san ta ba, Peugeot 404 ce, Baba ya saye ta a 1970 yana aiki a masaƙa a Kakuri. A lokacin kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, bai fara harhaɗa motoci a Kaduna ba, sai a 1975, don haka tamu daga Faransa ta zo a jirgin ruwa. Kuma sitiyarinta a dama yake, tunda har zuwa watan Afrilun 1972 hannun hagu ake bi a titunan Najeriya. Wannan sitiyarin na dama shi ya fi komai ba mu wuya.

Godiya ta farko ga Baba makanike, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a kan 404 da 504. Ranar da muka buɗe bonet, kowa shawara ɗaya ya ba ni: a cire injin a ɗora na 504 a huta. Kuma ba shawarar banza ba ce. An daɗe ana harhaɗa 504 a garin nan bayan Faransa ta daina yin ta a 1983, kayanta na nan birjik a kasuwar Panteka, ga araha. Baba makanike ya gama sauraron kowa, ya goge hannu da tsumma, ya ce mini, "Ɗana, in motar hawa kake so, yau ɗin nan sai in ɗora maka. In kuwa motar mahaifinka kake so, sai ka yi haƙuri." Injin nata mai cc 1,618 ya sauke shi ya wargaza a kan buhu, kowane noti da inda ya ajiye shi, ya canza ringi da metal, ya mayar da abinsa. Bai taɓa yi mini ƙorafin an cika masa gareji ba.

Shi ya koya mini duba kaya. Kafireto na asali akwai sunan Solex a zube a jikin ƙarfen, ba a manne ba. Gilashin fitila a ɗaga shi a rana a nemi sunan kamfanin a cikin gilashin kansa, irin su Cibié ko Marchal. Bambar 404 kuma ƙarfen da ba ya tsatsa ne, in ka ga tana ɓarewa kamar bawon gyaɗa to fesa mata ƙyalli aka yi. Kwali kuwa ya ce kada in ƙara kallonsa, don wanda ya iya yin jabun kaya buga zakin tambarin Peugeot a kwali ba zai gagare shi ba.

Na ga gaskiyar haka. Wani mai shago ya sayar mini da kafireto a kwali mai kyau, yana rantsuwa tsohon ajiya ne. Da aka ɗaura, mai ya riƙa tsiyaya ta gindi, zaren notin ma bai hau daidai ba. Na bar shi da Allah. Na kawo zancen ne kawai don ku san darajar wanda zan ambata yanzu.

Alhaji mai kayan gwanjo na tsohuwar Panteka, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Na je neman lagireto, ya ɗauko ɗaya da ni a idona ba ta da maraba da tamu, har na sa hannu a aljihu. Sai ya ce, "Tsaya Malam, wannan ba ta motarka ba ce. Za ta shiga in an yi mata dabara, amma ba ita ba ce." Ya mayar da ita, ya hana kansa ciniki. Bayan wani lokaci ya aiko yaronsa har gida cewa an kawo wata mushen 404 daga wajen Zariya, in zo kafin masu awon ƙarfe su farfasa ta. A jikinta muka samu lagireto, da hannayen ƙofa, da kafireton da ke kan motar yanzu. Mutanen Ƙofar Ruwa a Kano su ma sun yi ƙoƙari, musamman wanda ya tono mana fitilun baya daga ƙasan kaya.

Sai maganar sitiyari. Kawu da ke Maraɗi ya yi ta yawo a garejin Maraɗi da Damagaram, inda tsofaffin motocin Faransa ba su ƙare ba, ya samo mana abubuwa masu kyau. Amma duk motocin Nijar sitiyarinsu a hagu yake, kayan sitiyarinsu ba sa hawa tamu. Nan aiki ya tsaya cik, har na fara tunanin a juya ta hagu kamar yadda aka yi wa motoci da yawa bayan canjin hannu. Ƙanwata ce ta tuna mijin ƙawarta yana aiki a Nairobi. Kenya har gobe hannun hagu suke bi, kuma an ci gaba da harhaɗa 404 a-kori-kura a can har 1991, saboda haka masu sanin motar ba su ƙare ba. Bawan Allahn nan bai taɓa ganina ba, amma ya shiga garejin mutane yana turo hoto, Baba makanike yana dubawa yana cewa a'a, har aka dace. Ya ɗauko ƙarfen sitiyarin a cikin kayansa da zai zo hutu, ya ƙi karɓar ko sisi na ɗauko.

Gilashin fitilun gaba kam na Kawu muka sa da gangan. Na asalin an yanka su ne don hannun hagu, a titinmu na yau haskensu idon mai tahowa zai riƙa doka. Na naɗe su na ajiye.

Masu cewa komai na motar na asali ne, ku rage. Zakin da ke gabanta ya ɓace tun muna yara, wani maƙeri mai zubi a Panteka ne ya zuba mana sabo, bayan wani dattijo a Kabala ya ciro na motarsa ya ba mu aro aka ɗauki siffarsa. Robobin gilashi da tiyoyin birki sababbi ne, don tsohuwar roba ko ta asali ce ba a ɗora rai a kanta. Kujeru kuma mai ɗinkin kushin ne ya bi tsohon ɗinkin layi-layi. Na gode masa, da fanel bita da ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya yi walda maimakon ya cika da fila, da rewaya, da yaran gareji da suka sha turi.

Hajiyarmu ita ta hana a sayar da motar duk shekarun da ta yi a ƙarƙashin darbejiya, ko da masu awo suka yi ta zarya. Uwargida kuma ta ga kuɗi na tafiya a kan tsohon ƙarfe ta kau da kai. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu, ya ba amarya da ango zaman lafiya.

Har yanzu wilkofa ɗaya ta baya babu, a haka aka kai amarya. Wanda ya san inda wata 404 take kwance, ko a bayan gida ko a wani kango, don Allah ya sanar da ni kafin a kai ta sikeli.