Otal a bakin dam: ta inda lalacewa ke farawa

Duk ɗan Kaduna ya san labarin otal ɗin Durbar, wanda aka gina saboda bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, ya daɗe a rufe har aka rushe shi a Janairun 2020. Akwai ire-irensa a bakin ruwa. In ka ɗauki hanyar Zariya zuwa Kano, ka wuce Kwanar Dangora, za ka shiga yankin Tiga da Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, domin noman rani, aka kuma yi wa yankin wuraren shaƙatawa: otal ɗin Rock Castle a Tiga, da na bakin tafkin Bagauda. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988. Daga baya harabar otal ɗin Bagauda ta zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, shi ya sa ta samu masu kula. Rock Castle kuwa ya shafe shekaru a yashe.

A ganinmu matsalar tun daga tushe take. Otal-otal ne na gwamnati, manyan baƙinsu jami'ai da mahalarta taro. Da kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, taro ya ragu, kayan gyaran janareto da na'urar sanyaya ɗaki kuma sai an yi odarsu daga waje.

Irin wannan gini daga sama yake fara mutuwa. Yawancinsu rufin kankare ne, an shafe shi da kwalta. Rana tana busar da kwaltar ta tsattsage, ganye ya toshe bututun zubar ruwa, ruwan damina ya kwanta a kai. Simintin da ke rufe rodi bai fi kaurin yatsu biyu ba. Da ruwa ya kai ga rodin sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take, ita ke ɓantaro kankare daga ciki. In ka ɗaga kai ka ga jan zane a silin, ko rodi a waje yana ɓarɓashi, to aikin ya yi nisa.

Sai bishiyoyi. Tsuntsaye da jemagu suna cin 'ya'yan ceɗiya da durumi da gamji, su yi kashi a cikin tsagar bango. Irin ya tsiro a ƙurar da ta taru, saiwa ta bi danshi ta sauka, tana kauri tana buɗa tsagar. Masu gadi kan sare kan da adda su ce sun gama. Ba su gama ba, toho zai yi. Sai an tono saiwar ko an kashe kututturen da magani, sannan a cike ramin da siminti. A fili kuwa dalbejiya ce ke yaɗuwa, ga gamba da tofa. Da hunturu ciyawar ta bushe, wutar daji ta bi ta har gindin bango, ta narka bututun roba, ta fasa gilasai.

Gara tana gamawa da ƙofofi da katakon silin. Wayar wuta da famfuna da tagogin alminiyom, waɗannan 'yan gwangwan ne ke kwashe su. Kuma tagar da aka cire ita ce ƙofar ruwan sama.

Kwamin wanka yana da nasa ciwon. Ana ɗauka kwashe ruwan shi ne kariya, alhali a kusa da tafki ruwan ƙasa yana sama-sama, yana turo ƙasan kwamin da babu nauyi a kansa har ya tsage. Bayan haka sai kwaɗi da sauro.

Mai son sanin ko gini zai gyaru ya fara da ginshiƙai, ya bar maganar fenti. A ƙwanƙwasa kankare da ƙaramar guduma: mai lafiya ƙara yake yi tsaf, wanda ya rabu da rodi sai ka ji holoƙo. Tsagar da ta bi bango a karkace, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, alama ce harsashin ginin ya zauna, wannan kuma sai injiniya. In ginshiƙai na nan daram, a fara da rufi da magudanan ruwa, sannan a mayar da tagogi, wayar wuta ta zo daga ƙarshe.

Mai zuwa kallo ya nemi izinin masu gadi, ya sa takalmi sawu-ciki, ya tafi da tocila, kada ya hau bene mai rodi a waje. Ƙudan zuma na son ɗakunan da ba a shiga. Gefen ruwan da ciyawar kachalla ta cika kuma ba wurin wanka ba ne, nan katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zama.