Mako bakwai da kulɓar wuta: abin da ke cikin littafin kiwona

'Yan uwa masu koyon kiwon ƙadangaru, yau mako bakwai ke nan da kulɓar wuta ta shigo hannuna. In aka tattara duk lokutan da na sa ta a ido a makonni biyun farko, ba za su cika minti goma ba. Na fara da wannan ne domin na san akwai wanda yanzu haka yake tsugune gaban akwatin gilashi, yana kallon ƙasa da busassun ganye, zuciyarsa na raya masa ko dabbar ta mutu a ciki.

Ga wanda bai san ta ba: kulɓa ce ta dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya masu yawan ruwan sama. Masana suna kiranta Mochlus fernandi, kuma a tsofaffin rubuce-rubuce za ku tarar da ita da sunan Riopa fernandi ko Lepidothyris fernandi. Tsawonta yakan kai santimita 35 ko ɗan fiye, har da wutsiya. Bayanta ruwan tagulla ne mai sheƙi, gefenta kuwa ja jawur da ratsin baƙi da ɗigon fari, daga nan sunan wutar ya samo asali. Wannan jan ne ke sa mutane da yawa su ɗauka tana da dafi, alhali ba ta da shi ko kaɗan. In ta samu kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20, don haka wanda zai ɗauke ta ya san doguwar amana ya karɓa.

Makon farko

Kafin ta iso na shirya akwati mai tsawon santimita 90 da faɗin 45. Tsayi bai dame ta ba, ba mai hawa ba ce, fili take so. Na zuba ƙasar da ba a taɓa sa wa taki ko maganin ƙwari ba, na gauraya da garin ɓawon kwakwa, zurfin santimita 15, na rufe saman da ganye da ɓawon itace. Ina ajiye ta, ta cusa kai cikin ƙasar kamar mai nitso a ruwa, ban sake ganinta ba.

A rana ta huɗu na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Haƙurina ya ƙare, na sa hannu na tone ta don in tabbatar tana da rai. Ta yi wani irin fizga, ta buga jikinta da gilashi, gefen cikinta na harbawa da sauri. Allah ya kiyaye ba ta yar da wutsiya ba, domin irinsu sukan katse ta in sun ji an kama su, kuma wadda za ta tsiro ba ta kai ta farko kyau ba. Abin da na jawo shi ne ta ƙara kwana biyar ba ta leƙo ba. Don Allah kada ku tone ta. Rami shi ne kaɗai wurin da ta yarda da shi a sabon gida, in kuka nuna mata nan ma hannu na iya riskarta, kun raba ta da mafaka.

In kuna son sanin tana nan lafiya, ku karanta ƙasar. Nakan daidaita saman da tafin hannu da daddare, washegari da yamma in duba. Sabon bakin rami, ganyen da ya gusa, ɓurɓushin ƙasa a kwanon ruwa, duk saƙo ne daga gare ta.

Mako na biyu da na uku

Abinci na farko ta ci shi ba a gabana ba. Na zuba gyare huɗu da safe, na fita daga ɗakin, da na dawo saura ɗaya. Shi ma na cire shi kafin dare, saboda gyaren da ya kwana da yunwa yana iya gatsar jikin dabbar da ke barci. Bayan kwana uku na gwada tana. A nan ne na fara ganinta sosai: hanci ya ɓullo daga ƙarƙashin ɓawon itace, harshe na fita yana komawa, sai kawai ta wafce tanar ta ja ta ciki. Tun daga ranar tana ta zama abin lallashina. Ina haɗa mata da kyankyason kiwo, ina ba ta sau biyu ko uku a mako tunda babba ce. Ƙwarin da aka tsinto a inda ake fesa magani ba na kusantar da su gare ta.

Ƙwarin nan ina ciyar da su ganye da kayan lambu kwana ɗaya kafin in ba ta, sannan in barbaɗe su da hodar kalsiyam. Ƙwaro shi kaɗai ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam, kuma ƙadangaren da ya rasa shi ƙashinsa yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, tafiya ta gagara. Za ku ji wasu masu kiwo na cewa fitilar UVB, wato mai fitar da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ba dole ba ce ga dabbar da ke wuni a rami. Ni dai na sa mai sauƙin ƙarfi, domin da haskenta jiki ke haɗa bitamin D3 da ke ba shi damar amfana da kalsiyam ɗin. Ku sani hasken ba ya ratsa gilashi, kuma ƙarfinsa na raguwa tun fitilar tana ci, sai an riƙa sauya ta bisa wa'adin da masu ƙera ta suka rubuta.

Inda na fi shan wahala shi ne danshi. Ana so danshin iskar akwatin ya tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Da farko ina feshi safe da yamma har saman ƙasar ya jiƙe sharkaf, amma da na zura yatsa sai na ji can ƙasa a bushe ƙayau, wato daidai inda take kwana. Na yi abin a juye. Yanzu a kusurwa ɗaya nake tsiyaya ruwa a hankali ya gangara ciki, saman kuma in bar shi ya sha iska. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in na damƙi ƙasar ciki ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi. In ta yi caɓi, fatar cikin dabbar ce za ta kamu da ciwo.

Zafi bai ba ni matsala ba. Gefe ɗaya fitila ke haska wani faffaɗan dutse har digiri 33 zuwa 35, ɗaya gefen yana wajen 25, da dare a kashe komai. Ma'auni biyu na sa, kowane gefe da nasa.

Mako na huɗu

Na kai ta wurin likitan dabbobi tare da kashinta, aka duba, aka samu tsutsar ciki. Ban yi mamaki ba. Da yawa daga cikin kulɓar wutar da ake sayarwa daga daji aka kamo su, sukan iso da tsutsa ko ƙananan ƙwari masu shan jini a tsakanin ɓawon fata, ga ƙishirwa da gajiyar hanya. Da na san haka tun farko, da na dage na nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ko da zan daɗe ina jira. Likita ya auna nauyinta ya ba da magani daidai da shi. Kada kowa ya yi wa dabba mai wannan ƙanƙanta kintacen magani.

A nan na ci karo da shawarwari biyu masu karo da juna. Ana cewa sabuwar dabba a ajiye ta kan farar takarda don a ga kashinta da ƙwarin jikinta. Gaskiya ne, amma kulɓar da ba ta da inda za ta nitse ba ta samun natsuwar cin abinci. Sai na raba: a lokacin magani na shimfiɗa takarda, na sa mata roba mai zurfi cike da ƙasa mai danshi wadda nake sauyawa a kai a kai. Da aka gama na zubar da tsohuwar ƙasar akwatin gaba ɗaya na zuba sabuwa. Wanke hannu da sabulu kuwa bayan kowane aiki ya zama jiki, domin dabbobi masu rarrafe sukan ɗauki ƙwayar salmonela, mai sa wa mutum ciwon ciki da gudawa, ba tare da alama ba.

Mako na shida

Launinta ya dusashe, jan ya koma kamar an yayyafa masa toka, ta ƙi abinci kwana huɗu. Hankalina ya tashi, ashe saɓa za ta yi. Ba kamar maciji take yi ba da ke fita daga tasa a haɗe, tata gutsi-gutsi take zuba. Wurin da ya kamata ku duba bayan saɓa shi ne yatsu da ƙarshen wutsiya, saboda tsohuwar fata in ta maƙale ta bushe takan shaƙe yatsa har ya mutu. Nata biyu na ƙafar baya sun riƙe. Ban ja ba. Na ƙara danshi a maɓoyarta, bayan kwana biyu suka fita da kansu. Sabon jan da ya bayyana kuwa, na daɗe a zaune ina kallo.

Jiya

Da hantsi ta fito gaba ɗaya, ta baje kan dutsen ƙarƙashin fitila, ina zaune nesa kaɗan. Ta juyo da kai ta dube ni, ba ta gudu ba. Na miƙa tana da dogon hantsaki, ta yi jim, sannan ta tako ta karɓa ta haɗiye a fili. Har yanzu ban ɗauke ta a hannu ba, in ban da ranar zuwa wurin likita da lokacin auna nauyi, kuma ba na gaggawa. Mako mai zuwa zan sake kai kashinta a duba ko maganin ya ci, sannan in fara ajiye hannuna a kan ƙasar akwatin na 'yan mintuna kullum, ba motsi, in ga ko za ta zo ta shinshina.