Kek ɗin cakulan da babu madara, babu ƙwai

Shekara shida ke nan ina gasa kek a gida ina sayarwa a Kaduna, amma ban taɓa karɓar aikin da ya sa na zauna ina karanta bayan leda kamar mai shirin jarrabawa ba sai na Hajiya.

Ranar Talata ta kira ni. 'Yarta ta dawo daga karatu a Ingila, za a yi mata walima ranar Asabar, ana son kek na cakulan. "Amma fa 'yar nan, yarinyar ba ta cin komai da ya fito daga dabba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, kai ko zuma ba ta sha. Wai bigan suke ce wa kansu." Na ce, "Ba komai Hajiya, Allah ya kai mu." A raina kuwa cewa na yi wannan ai mai sauƙi ne, koko ba ɗan itace ba ne?

Kuma ɗan itacen ne. (Ba kokon da muke sha da ƙosai ba, ko da yake shi ma gero ne, zai wuce.) Wanda manoman Ondo da Gana da Kwaddebuwa suke nomawa, a fasa kwanson, a kwashe ƙwayayen a lulluɓe su da ganyen ayaba su yi kwanaki, a shanya, a gasa, a niƙa. In an matse niƙan sai ya rabu biyu: gari da mai. Man kokon nan, duk da Turawa suna kiransa da sunan bota, ko ɗigon nono babu a cikinsa. Har man kaɗanyarmu ana sa wa a wasu cakulan, don dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a haɗa irin waɗannan mayukan tsirrai har kashi 5 cikin ɗari.

Jikin kek ɗin bai ba ni wahala ba. Fulawa, sukari, garin koko zalla, man gyaɗa, madarar waken suya, sai ruwan lemun tsami da soda a madadin ƙwai. Ya tashi sumul. Milo da nake ɗan barbaɗawa wani lokaci don ɗanɗano na ture shi gefe, tunda da madarar gari a cikinsa.

A kwalliyar sama na yi tuntuɓe. Na je kanti na zaɓo baƙin cakulan guda huɗu, masu tsada, na kauce wa mai ruwan ƙasa da fari saboda na san su madara ce jigonsu. Daren Juma'a na kakkarya biyu na ɗora a kan ruwan zafi, suna narkewa ina juyawa, ƙamshi ya cika kicin. Ledar na gefen murhu, na ɗauka zan jefa a shara, idona ya faɗa kan jerin kayan haɗi. Can kusa da ƙarshe, da ƙananan haruffa: kitsen madara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na karanta ledar nan tun a kanti. Wallahi na karanta. Sai dai da idon da na saba na karanta ta, idon mai neman halal: babu jelatin, babu giya, babu komai na alade, shi ke nan na jefa a kwando. Madara halal ce, don haka ido ya tsallake ta bai ko tsaya ba. Ashe ma'auni biyu ne daban. Cakulan mai madara halal ne amma bigan ba zai ci ba. Cakulan mai giya a ciki kuwa bigan zai iya ci, ni ba zan taɓa ba.

Baƙin launi ba hujja ba ne. Tun da Daniel Peter ya haɗa madara da cakulan a Suwizalan a 1875, madara ta samu gindin zama a sana'ar, kuma ba kullum take zuwa da sunanta ba. Whey, casein, lactose, duk 'ya'yan gidanta ne. Daga nan na dawo da ledar 'yan ƙwallayen ado masu launi na sake dubawa, sai ga E904, wani ƙaro da ƙwari suke fitarwa wanda ake sa wa alewa don ta yi sheƙi. Akwai kuma E120, jan launi da ake samu daga jikin wasu ƙwarin. Na mayar da su cikin kabad.

Ƙarfe goma na dare ba kantin da zan je. Na goge kwakwa biyu na tace madararta mai kauri, na dafa da garin koko da sukari da ɗan man kwakwa har ya kama jikinsa, na bar shi ya huce na shafe kek ɗin. Bai yi santsin na kanti ba, gaskiya, kuma ƙamshin kwakwa ya ɗan yi rinjaye. Na rufe aibin da soyayyar gyaɗa da yankakken dabino.

Da na kai, yarinyar da kanta ta fito. "Anti, me da me kika sa?" Na lissafa mata, har da labarin cakulan ɗin da na narkar. Ta yi dariya ta ce ita ma a shekararta ta farko haka ta riƙa faɗawa. Na tambaye ta game da ledojin da ake rubuta cewa wataƙila a samu ɓurɓushin madara. Ta ce wannan gargaɗi ne don masu rashin lafiyar da ba ta son madara, saboda inji ɗaya ake amfani da shi. Ita tana ci, wasu abokanta ba sa ci.

Narkakken cakulan ɗin kuwa yarana suka shafa a burodi da safe. Sauran biyun suna firij, suna jiran odar wanda bai da ruwa da saniya.