Kifi a ƙasa, ganye a sama: yadda ake haɗa akwafonik a tsakar gida

Mu da muke harhaɗa wa mutane tankin kifi da kwamin ganye a gidajensu, tambayar da ake fara yi mana ita ce kifi nawa tankin zai ɗauka. A wannan sana'a faɗin wurin shuka ne ke yanke yawan kifi. Wanda ya saba kiwon tarwaɗa yakan zuba ɗari ko fiye a tankin lita 1,000, domin kullum yana zubar da ruwa yana sake sabo. A akwafonik ba a zubar da ruwa. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa daga kifi zuwa shuka ya dawo, don haka duk dattin da kifi ya fitar dole tsakuwa da saiwoyi su iya cinye shi.

Kifi na fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne a gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa suna mayar da amoniya ta koma naitirait, shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi naitiret, wanda taki ne ga shuka. Saiwa ta sha takin, ruwa ya koma wa kifi a tace. Ke nan abu uku ake kiwo, kuma wanda ido ba ya gani shi ne ya fi son kulawa.

Ga mai farawa, tankin roba fari mai kejin ƙarfe, mai lita 1,000, ya isa. Kafin ka biya kuɗi ka tabbatar da abin da aka taɓa zubawa a ciki. Na kayan abinci ake so. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko sinadarin masana'anta, ko an wanke shi sau goma, ka bar shi. A auna santimita 30 daga sama a yanke, a kifar da ɓangaren saman ya zama kwami, a ɗora shi kan katako mai ƙarfi a bisa na ƙasan, a ɗan ja shi baya domin a samu wurin ba kifi abinci. Na ƙasan zai riƙe ruwa kusan lita 700, kwamin kuma faɗinsa murabba'in mita 1.2. A daidaita ƙasan wurin sosai, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga kuma nauyin tsakuwa.

Ga lissafin da komai ya rataya a kai. Kowane murabba'in mita na ganye yana iya cinye dattin abincin kifi giram 40 zuwa 50 a rana, masu 'ya'ya kamar tumatir kuwa giram 50 zuwa 80. Kwaminmu ke nan ba zai wuce giram 60 ba. Babban kifi na cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, saboda haka giram 60 abincin kifi kilo 3 zuwa 6 ne, wato kifi 6 zuwa 12 idan kowanne zai kai rabin kilo. Mutane kan ɓata fuska in sun ji wannan adadi, amma gara a ji tun ba a sayi 'ya'yan kifi ba. Mai son kifi 30 sai ya tanadi kwami uku.

Tsakuwa mai girman milimita 8 zuwa 16 ake so, a wanke ta har ruwan ya fito garau. Kafin a sayi tifa ko baro, a ɗebi 'yar kaɗan a ɗiga mata ruwan lemun tsami. In ta yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinta, za ta riƙa ɗaga ma'aunin pH, mai nuna yawan tsami ko ƙarancinsa a ruwa, har shuka ta kasa shan taki. Tsakuwar dutsen da ake fasawa don gini galibi ba ta da wannan matsala.

Injin ruwa mai tura lita 1,500 zuwa 2,000 a awa ya wadatar, domin ana so duk ruwan tankin ya zaga aƙalla sau ɗaya a awa, kuma ƙarfin inji na raguwa in yana tura ruwa sama. A kwamin ana sa abin da muke kira ƙararrawa: bututu mai inci 1 a tsaye, bakinsa santimita 5 ƙasa da saman tsakuwa, a kifa masa bututu mai inci 3 mai murfi da 'yan ƙofofi a gindi, sannan a kewaye su da mai inci 4 da aka huhhuda don tare tsakuwa. In ruwa ya kai bakin bututun sai ya zuƙe kwamin gaba ɗaya, iska ta shiga wa saiwoyi, ya sake cika. Zagaye ɗaya minti 15 zuwa 20. A nan sabon shiga ke shan wahala. In ruwa na ta tsiyaya ba ya zuƙewa, shigarsa ta yi kaɗan, a ƙara buɗe famfo. In ya zuƙe ya ƙi tsayawa, ta yi yawa, a rage. Da ya kama daidai za ka ji ƙarar kurɓar iska a ƙarshen kowane zagaye, har daga ɗaki ana jin ta. Santimita 5 na saman nan kuwa a bar shi a bushe, in ba haka ba gansakuka ta rufe shi.

Wuta ita ce babbar damuwa a ƙasarmu. Injin ruwa mai wat 30 da injin hura iska cikin ruwa mai wat 10 suna shan kusan kilowat-awa ɗaya a kwana, don haka faifan sola mai wat 300 da batir mai 150Ah na riƙe su har wayewar gari. Shi ne ya fi komai tsada a kayan, kuma shi ne bai kamata a yi masa ƙwauro ba. Tarwaɗa na iya shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa take jure ɗaukewar wuta fiye da karfasa, amma bakteriya da saiwoyi ba su da wannan dabara.

Kada a zuba kifi ranar da aka gama haɗawa. A cika ruwa, in na famfon gwamnati ne a bar shi kwana biyu sinadarin kulorin ya fice, a kunna inji, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa. Da kayan gwajin ruwa za a ga amoniya ta tashi, sai naitirait ya biyo, sai naitiret ya bayyana. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 6, ya fi sauri in an samu tsakuwa cikin tafi daga wani kwamin da ke aiki. Sai amoniya da naitirait sun sauka ƙasa da miligiram 1 a lita ake kawo kifi, masu girma ɗaya, domin babbar tarwaɗa na cinye ƙarama. A rufe tankin da raga, tana tsalle. Abincin da ya rage bayan minti 30 a kwashe shi.

Ma'aunin pH ya zauna tsakanin 6.5 da 7. Ruwan burtsatse a wasu wurare yana kusan 8, kuma amoniya ta fi yin lahani in pH da zafi sun haɗu sun yi sama, kamar a watan Afrilu. Gauraya shi da ruwan sama na taimakawa. Bayan 'yan watanni pH kan sauka da kansa, sai a daka ɓawon ƙwai a ɗaure a ƙyalle a jefa. Kada a sa kanwa, gishirin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, taruwa yake yi ya ƙona shuka.

Tarwaɗa da karfasa sun fi son ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu, in ruwa ya sauka ƙasa da 20, cin abincinsu na raguwa, sai a rage abin da ake ba su, a lulluɓe tanki da buhu da daddare. Lokacin latas da kabeji ke nan. Da bazara latas na yin ɗaci ya fitar da kai, sai a koma alayyahu, ɗoɗɗoya, rama da yakuwa, a yi wa tanki inuwa da zana, a ƙara ruwan da ya ƙafe kullum. Tumatir da attaruhu su jira wata uku ko fiye, sai taki ya taru.

In sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. A nemi takin ƙarfe wanda aka rubuta DTPA a jikinsa. In mai kashi 10 cikin 100 ne, giram 14 ya ishi lita 700. Maganin ƙwari kuwa ba ya kusantar kwami, har da ruwan darbejiya, domin abin da ya ɗiga kan tsakuwa cikin minti 20 ya isa wurin kifi. A cire tsutsa da hannu, ƙananan ƙwari kuma a wanke su da ruwa daga bayan ganye da sassafe.