Tsohon da aka gano ta cikin waƙarsa

Akwai wani faifai da na fi shekara biyu ina saurare bayan isha'i, musamman idan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit. A 1928 aka naɗe shi. Kafin jita ta shigo sai ka fara jin wani shuuu kamar ana suyar ƙosai, sa'an nan muryar wani mutum ta biyo a hankali, ba ihu ba gaggawa, kai ka ce tabarma ɗaya kuke zaune. Sunansa John Hurt, mutumin ƙauyen Avalon a jihar Misisipi ta Amurka. Ɗan ƙanwata ne ya turo mini, ya ce, "Kawu, wannan irin naka ne." Bai yi ƙarya ba.

Buluz ake ce wa wannan kiɗa. A cikin baƙar fatar kudancin Amurka ya tsiro, jikokin bayi masu aikin gonakin auduga. Irin na dā ɗin mutum ɗaya ne da jitarsa ta katako, ba lantarki ba ganga, babban yatsa na riƙe da amo a tsirkiyoyin sama, sauran yatsu na ba da amsa a ƙasa. Faifan garmaho na lokacin minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, don haka duk abin da ke cikinka sai ka juye shi kafin allura ta kai ƙarshe.

Kamfanin faifai na Okeh ya naɗi waƙoƙin Hurt a Memphis da New York, faifan bai yi kasuwa ba, ga shi a 1929 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Sai bawan Allah ya koma ƙauyensu ya ci gaba da ƙwadago a gonakin mutane, yana kiɗa a 'yan bukukuwan maƙwabta. Shekara 35 a haka. A 1952 wani mai tara tsofaffin faya-fayai, Harry Smith, ya haɗa waƙoƙi 84 ya fitar, biyu daga ciki na Hurt ne. Samarin birane suka haukace a kansu, suna zaton mai muryar ya daɗe a ƙasa. A 1963 wani saurayi, Tom Hoskins, ya lura cewa a ɗaya daga tsofaffin waƙoƙinsa mutumin ya ambaci Avalon a matsayin garinsu. Ya nemi wurin a taswira, ya kama hanya, ya je ya tarar da tsoho ɗan kimanin shekara 70 da ransa, hannunsa kuma bai mutu ba. A shekarar ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport gaban dubban mutane. Shekara uku ya ci moriyar abin, ya rasu a 1966.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani tsohon mawaƙin buluz ne, Son House. Shi a 1964 aka gano shi a Rochester, jihar New York, ya daɗe da jingine jita har hannun ya manta hanya. Sai aka haɗa shi da wani yaro Bature, Alan Wilson, wanda ya haddace faya-fayansa na 1930 tun daga tushe. Yaron ya zauna gabansa yana kaɗa masa abin da shi tsohon ya kaɗa da ƙuruciya, har ya tuno. Duk lokacin da na tuna wannan zama sai tsigar jikina ta tashi. Abin ya fita daga hannun mai shi, ya shiga faifai, ya shiga hannun baƙo, ya dawo gida.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna a wannan farfaɗowa ta farko ba. Yawancin masu tafin ɗaliban jami'a ne farar fata. Matasan baƙar fata a lokacin sun yi gaba, da yawansu kiɗan na tuna musu auduga da wulaƙancin da iyayensu suka gudu daga gare shi, kuma ban ga laifinsu ba. Tsofaffin nan kuwa, da dama ladan zama ɗaya aka ba su ranar naɗa, shi ke nan.

Shi ya sa abin da ya faru a 2005 ya fi kwanta mini. An yi taron baƙar fata masu kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, a garin Boone, jihar Carolina ta Arewa. A nan Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson suka haɗu, suka riƙa zuwa Mebane daren Alhamis gidan Joe Thompson, tsohon mai goge da ya haura 80, wanda ya gaji kiɗan a gidansu. Suna zaune a ɗakinsa, yana ja suna bi, in sun kauce ya sake. Ƙungiyar da suka kafa, Carolina Chocolate Drops, ta ci kyautar Grammy a 2011, tsohon na raye ya gani. A 2012 ya rasu. Ranar da na ga hoton banjo na asali, wanda bayi suka riƙa haɗawa da duma da fata da sanda, na daɗe ina kallo, don gurmi kawai nake gani. Masana sun fi kusanta shi da akontin, abin kiɗan Jolawan Senegal da Gambiya, ni ma ba na cewa daga ƙasar Hausa ya tafi. Amma dangi ba ya ɓuya.

Na yi shekaru a kasuwa ina juye kaset zuwa kwamfuta ina tura wa mutane a waya, don haka na san kwaɗayin wanke sauti. Za ka yi ta rage shuuu ɗin nan har ya tafi, sai ka ji muryar ta koma kamar daga cikin randa, numfashin mawaƙin da karon farcensa da tsirkiya duk sun bi ruwa. Wasu kuma su ɗora ganguna na inji a kai wai don yaran zamani. Ɗan ƙanwata yaron zamani ne, kuma da ƙurarsa faifan ya kama shi.

A unguwarmu akwai wani tsoho mai gurmi da na taso ina ji. Ina da kaset ɗinsa biyu, na juye su, na adana a wuri uku. Sau nawa ya ce mini, "Ɗana, zo ka riƙe ka ji," ina cewa sai na samu sarari. Ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ya ɗauka, gurmin ma fatarsa ta tsage a rataye. Ina da sautinsa tsaf, amma ban san yadda yake ɗora yatsa ba, kuma kaset ba ya nuna wannan.

Watanni huɗu ke nan ni da ɗan ƙanwata muna hawa babur ranar Asabar zuwa wani ƙauye, wurin wani dattijo da ya rage. Ranar farko bai bar shi ya kaɗa ko sau ɗaya ba. Ya miƙa masa gurmin, ya gyara masa zama, ya kama hannunsa na dama ya juya yana duba farcen, ya ce, "Kada ka yanke wannan. Ka dawo in ya fito."