Ranar kasuwa na je gida, ban iske kasuwa ba

Sati biyu da sunka wuce na je gida ta'aziyya, matar kawuna ce ta rasu, Allah shi jiƙanta da rahama. Da gangan na zaɓi ranar kasuwa don in huta da wahalar mota, saboda a sanina ranar kasuwar garinmu tun da asuba ake lodi a Kwannawa, wannan na cika wata na shiga layi. Wallahi sai da na yi wajen awa biyu zaune cikin mota muna jiran mutum biyu su cike ta, daga ƙarshe mu da ke ciki munka haɗa kuɗin kujerun munka biya, don direba ya rantse shi la'asar ba ta iske shi bisa hanyar nan ko nawa za a ba shi. Ba zan faɗi sunan garin ba. Kudu dai yake da birnin Sakkwato, ka kama hanyar Gusau ka wuce Dange da Shuni, can gaba ka sauka daga kwalta ka shiga burji. Wanda ya sani ya sani.

Lokacin muna yara, in ranar kasuwa ta zo ko makarantar allo ba ta cika, malam da kanshi ya san ba zai ga rabinmu ba. Tun hantsi Fulani mata ke shigowa da ƙoren nono da man shanu, kara ta cika da shanu da tumaki har sai an ɗaure wasu a bayan masallaci, ga masu gero da dawa da wake, ga 'yan koli, maƙera, wanzamai, mahauta suna ta hura wutar tsire, ga manyan motoci da ke zuwa ɗaukar dabbobi zuwa kudu. Ni kaina da tallan ruwa ranar kasuwa na sayi takalmin sallah na farko da kuɗina. Ran nan da na je, rumfunan da ke da mutane ba su kai rabin rabi ba, saura duk kwano ya yaye, awaki ke kwance ciki. Kara kuwa fili ne kawai sai turaku. Kafin azahar mutane sun fara ɗaure kaya.

Bayan an yi addu'a an watse na zauna da Kawu a zaure, na ce mashi Kawu, ɓarayin dajin nan sun gama da garin ga. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, su dai gawa sunka iske sunka yi mata wanka. Garin ga shina ciwo tun ba su zo ba." Maganar nan ita ce ta hana ni barci, kuma ita ta sa nake wannan rubutu, don mu da ke zaune birni mun saba komai ya lalace a ƙauye mu ce 'yan bindiga, mu tashi.

Ba wai ina rage masu laifi ba ne, Allah shi kiyaye. Kowa ya san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da abin da mutanen Isa da Sabon Birni ke gani shekara da shekaru, mu ma namu ɓangaren da ke maƙwabtaka da Zamfara bai tsira ba. An kore shanun mutane, an ɗauki mutane sai da anka sayar da gona anka karɓo su, akwai gonakin da yau shekara uku ba wanda ya sa masu fartanya don suna bakin daji. Amma da Kawu ya fara lissafa min sai na tuna abubuwan da ni ma na sani na manta. Hanyar burjin nan tun ina firamare ake alkawarin kwalta, duk damina sai rafi ya yanke ta, manyan motoci sun fara gudun garin tun kafin a ji ƙarar bindiga saboda direba ba ya son ya kwana cikin taɓo da shanun mutane. Banki babu, ba a taɓa yi ba. Asibitin garin ɗaki uku ne da ma'aikaci guda da ke zuwa in ya ga dama. Samari masu ƙarfi da can cin rani suke zuwa su dawo da damina, sai ya zama in sun tafi Legas ko Fatakwal sun tafi ke nan sai dai aike.

Sannan abubuwa sunka zo a jere kamar an haɗa baki. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, aka hana sayar da mai a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da yawa. An yi ne don a matse ɓarayi, na yarda da niyyar, to amma kasuwar ƙauye in ka cire mata kara me ya rage? Wanda ya sayar da rago shi ke sayen gero, shi ke biyan tela, shi ke cin tsire. Da anka ɗage dokar dillalai da yawa sun riga sun saba da wasu kasuwanni, ba su dawo ba. Farkon 2023 kuma ga canjin kuɗi, garin da ba banki sai mai POS ɗaya ko biyu, su ma ba su da takardar kuɗi, mace ta kawo kaza ba mai saye don ba wanda ke da tsaba a hannu, ita kuma ba ta san wani abu turansifa ba. Ba a gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu anka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1000. Kuɗin motar kai buhu Sakkwato sai ya cinye ribar buhun.

Abin da ya fi ɗaga min hankali dai ba na daji ba ne, na cikin gari ne. Da can a garinmu sata abin kunya ce har jikokinka, in anka kama yaro da kazar wani uban ba ya iya fita masallaci sati guda. Yanzu Inna da kanta take shigar da awaki ɗakin kwananta da dare. An kwance batirin sola na masallacin Juma'a, an sace kan famfon burtsatse, waya kuwa in ka sa caji a shago sai ka tsaya kanta. Kuma kowa ya san yaran, ba baƙi ba ne, ɗiyan gidan wane ne da wane, suna zaune bayan tsohuwar makarantar firamare daga safe har dare suna shan ƙwaya. Daga cikin irinsu ake samun infoma, wanda za a ba 'yan dubbai ya faɗi wa ya sayar da sa jiya, wa ɗanshi ya aiko da kuɗi daga kudu. Shi ya sa yanzu mutum ko sabon babur ya saya sai ya bar shi gidan ɗan'uwa a birni. Ni kaina kafin in taso sai da Inna ta aiko a ce min kar in sa shadda mai kyau, in zo da tsohuwar riga. Ka ji fa, zuwa gidan ubana.

To su wa sunka koya wa yaran nan cewa ana samun kuɗi da wuƙa da sanda? A nan ne nake ganin laifin 'yan siyasarmu ƙiri-ƙiri, kuma ba jam'iyya ɗaya nake nufi ba. Mu a Sakkwato mun san eriya boyis tun ba yau ba. Lokacin kamfe ake zuwa da bas a kwashe su, a ba su riga mai hoton ɗan takara da kuɗin ƙwaya, su yi ta ihu bayan mota suna kaɗa makami, ranar zaɓe su tsare rumfa. Ana rantsar da mai gida lambarshi ta daina shiga. Yaron da ya saba a ba shi dubu biyar don ya tsorata mutane, ka ce ya koma ya riƙe kalme cikin rana? Da wuya.

Na bi ta sakatariyar ƙaramar hukuma washegari don karɓo wa ƙanena wata takarda, ranar aiki ce, ƙarfe goma sha ɗaya, mai gadi kawai na iske da wani dattijo masinja yana gyangyaɗi bisa benci. Na tambayi wanda zai sa hannu, masinja ya ce, "Yallaɓai, ai sai dai ka neme shi Sakkwato, nan sai ƙarshen wata." Abin dariya, ni da na baro Sakkwato don in same shi. Ciyaman gidanshi birni, kansila ma da ya ci zaɓe ya kama haya birni, 'ya'yansu na makarantar kuɗi a can, to wa zai ji zafin rafin da ya yanke hanya? Kuma in ka duba yadda ake samun kujerar ba ka ga laifinsu sosai ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 PDP ce ke mulkin jiha, ta kwashe 23 duka. A na 2024 APC ke mulki, ita ma ta kwashe 23 duka. Wanda ya san daga gidan gwamnati sunanshi ya fito, ai can zai riƙa kai gaisuwa, ba zauren Kawu ba.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, har murna na yi, na kira Kawu a waya ina mashi bayani kamar ni na ci shari'ar. Ran nan ya tuna min, yana dariya, ya ce, "Ina kuɗin naka na kotu? Ko suna hanya rafi ya tare su?" Ban da amsa. Askarawan da gwamnatin jiha ta kafa a 2024 suna nan, kuma mutane sun ce suna ƙoƙari daidai gwargwado, su da 'yan banga ne ke kwana bakin gari, amma har yanzu gida-gida ake bi ana karɓar kuɗin man babur ɗinsu, kuma masu biyan su ne dai mutanen da kasuwarsu ta mutu.

Da zan taso, Inna ta ƙulle min daddawa da kuɓewa busassa a leda, tana ta ba ni haƙuri wai bana ba ta da gero da za ta ba ni, ita da ko da yaushe sai na yi faɗa kafin a rage min kaya. A bakin tasha ɗan yayana ya biyo ni, bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya gama sakandare bara. Ya riƙe min jaka har mota, sai da na zauna sannan ya sunkuyo ta taga ya ce, "Baba, don Allah in ka samu mai ba da babur kabu-kabu a Sakkwato ka tuna da ni, ko biya kullum ne zan iya." Na ce mashi to. Direba na ta danna ham wai rana na yi, munka tashi. Yau kwana goma sha huɗu, sau shida ya yi min filashin, kuma mutum uku da na tambaya duk sun ce baburansu na hannun wasu yaran da sunka zo daga ƙauye kafin shi.